ZUWAN KAKA ƘASAR WAJE: ZIYARA CE KO AIKATAU?

Yau maganata a kan wani abu ce da ya zama ruwan dare a gidajenmu cikin 'yan shekarun nan, amma ban cika ganin ana zama a tattauna shi ba: tafiyar da iyayenmu tsofaffi suke yi ƙasashen waje don ganin jikoki. Rubutun yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Duk wanda yake aikin gwamnati ya san yadda ma'aikatunmu suke zubar da mutane. Likitoci, ma'aikatan jinya, malaman jami'a, masu aikin kwamfuta, kowa ya samu hanya sai ya kama gabansa. Da muna ganin "japa" harkar 'yan kudu ce. Yanzu kuwa da wuya ka zauna a majalisa a Kano ko Kaduna ko Zariya ba ka ji wani yana da ƙani a Ingila, ko ƙanwa a Saudiyya, ko ɗa a Kanada ba. Akasarinsu matasa ne masu sabon aure, haihuwa ɗaya ko biyu. To daga nan sai ka ji ana cewa Hajiya ta tafi Manchesta wankan jego, ko Inna tana Riyad wajen 'yarta, sai bayan Sallah.

Bari in fara da bayyana matsayina. Ni ina goyon bayan wannan tafiya ɗari bisa ɗari, kuma duk wanda Allah Ya hore masa ya kai mahaifiyarsa ko mahaifinsa su ga inda yake zaune, ya yi abin a yaba masa. Zumunta a ƙafa take. Kiran bidiyo a WhatsApp yana rage kewa, amma ba a goya jika ta waya. Mu tuna fa barin gida ba yau Bahaushe ya fara ba. Kakanninmu sun yi fatauci zuwa Gwanja, sun kafa zango a Kumasi da Ankara, wasu sun tafi Makka a ƙafa suka yada zango a Sudan har yau zuriyarsu na can. A wancan zamanin wanda ya tafi ya tafi ke nan, tsohuwa za ta mutu ba ta san ko kamannin jikokinta ba. Yau daga Abuja zuwa Landan tafiyar awa shida zuwa bakwai ce. Wannan ni'ima ce, bai kamata mu raina ta ba.

Kuma abin da kaka take kai wa gidan nan babu makarantar da za ta bayar da shi. Yaron da aka haifa a can, Turanci yake ji a makaranta, a talabijin, a wajen wasa, har iyayen nasa in sun dawo a gajiye da Turancin suke sallamarsa don ya fi sauri. Kaka ce kaɗai mutumin da dole ya yi mata Hausa in yana son tuwo. Ita ce za ta kira shi "maigidana", ta kira ƙanwarsa "kishiya", su yi ta tsokanar juna, wasan da babu irinsa tsakanin ɗa da uwa, balle ɗan fari da ake kunya. Ita ce za ta ba shi labarin Gizo da Ƙoƙi, ta koya masa durƙusawa in zai gaida babba, ta gaya masa sunan wa ya ci da ya sa ake ce masa Abba. Wata uku da kaka a gida yakan yi wa harshen yaro abin da shekara uku na faɗan "ku riƙa yin Hausa" bai yi ba. Ita kuma mai jego, wadda a gida da tana ɗakin mahaifiyarta ana dama mata kunu har ta yi arba'in, a can ba ta da kowa sai miji, shi ma in ya samu hutun sati biyu ya koma aiki. Ganin uwarta kaɗai magani ne.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce da yawa daga cikinmu sun sauya wa tafiyar manufa, ba tare da sun faɗa wa tsofaffin gaskiya ba.

A Ingila kuɗin ajiye yaro ƙarami a gidan reno na cikakken wuni yakan haura fam 1,000 a wata a wurare da dama. Mata da miji duk suna aiki, wani lokaci ɗaya na dare ɗaya na rana, ga haya, ga haraji, ga 'yan gida suna jiran a turo. Babu 'yar aiki, babu ƙanwar miji, babu maƙwabciyar da za a miƙa wa yaro ta katanga. In aka buga lissafi sai a ga tikitin Hajiya ya fi arha. Shi ke nan sai a kira ta a ce ta zo ta huta, ta ga jikoki, ta sha iska. Tana sauka, bayan sati ɗaya, an bar mata jariri da ɗan shekara uku tun bakwai na safe har dare, ga girki, ga wanke-wanke, ga hawa bene da gwiwar da take ciwo. Matar da ta haifi tara ta raine su, ta kai lokacin da ya kamata a ce ita ake yi wa hidima, an mayar da ita farkon layi. Kuma ba za ta taɓa buɗe baki ta ce ta gaji ba, saboda kara da kawaici irin na iyayenmu. In ka kira ta sai ta ce "lafiya lau, Alhamdulillahi, suna ta ɗawainiya da ni."

Na san za a ce ai ita ma tana so, jikokinta ne. Gaskiya ne tana so. Amma taimakon da mutum ya yi don ransa ya so daban, wanda aka ɗora masa ba shi da hanyar cewa a'a daban. Tsohuwar da fasfo ɗinta yake cikin durowar surukinta, ba ta san hanyar tashar mota ba, ba ta da ko sisin ƙasar a hannunta, ba ta san ranar komawarta ba, wace irin "tana so" za a ce? In dai reno ake buƙata, a faɗa mata tun tana gida: Mama, muna cikin matsi, muna neman taimakonki na wata kaza. Ta amsa da saninta, ko ta ba da uzuri ba tare da an ɗaure mata fuska ba.

Sannan akwai kaɗaici, wanda mu da ba mu zauna can ba ba mu cika fahimtarsa ba. A gida Hajiya ba ta wuni ita kaɗai. Yau suna, gobe biki, jibi gaisuwar mutuwa, ga Islamiyya, ga maƙwabta masu shigowa ɗiban wuta su zauna hira, ga ɗan adashinta da 'yar sana'arta. A can ƙofa a rufe take, maƙwabci sai dai ya ɗaga maka hannu. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma, hasken wunin duka bai cika awa takwas ba, ga sanyin da hunturunmu wasa ne a kansa. Wanda ya ɗauko tsohuwa a watan Nuwamba ya ajiye ta a ɗaki har Maris, wallahi ya ɗaure ta ne kawai ba da igiya ba. Lamarin tsofaffi maza ya ma fi tsanani. Alhajin da ya shekara 40 bai rasa jam'i ba, masallaci na ƙofar gidansa, majalisarsa na gindin darbejiya, sai ga shi a inda ba a jin kiran salla sai a waya, masallaci sai an shiga mota. Shi ya sa za ka ga sati biyu ya fara tambayar ranar komawa. Kada a ce ba ya son jikokinsa. Kifi ne aka fitar daga ruwa.

Akwai kuma wanda ake mantawa da shi gaba ɗaya: tsohon da aka bari a gida. An ɗauke masa mata wata shida, ta dawo ta yi wata biyu, ɗiya ta biyu ta haihu a Kanada an sake ɗauke ta. Mutum mai shekara 70 da hawan jini, wanda matarsa ce ta san lokacin maganinsa da irin abincin da cikinsa yake karɓa, an bar shi hannun yaran gida. Shi ma ba zai yi magana ba, don kada a ce yana kishi da jikoki. Mun gyara gidanmu mun rushe na iyayenmu. Haka kuma kakannin yanzu ba duka ne suke zaune ba aiki ba. Da yawa 'yan shekara hamsin da wani abu ne, malaman makaranta ko ma'aikatan asibiti da ba su kai ritaya ba, hutunsu na shekara kwana 30 ne. Na ga yadda wasu suke shiga rigima da ofis, har a kai ga tsayar da albashi, saboda an ce su ƙara wata biyu ba su iya cewa a'a ba. Shekara 30 mutum yana gina fanshonsa, bai dace ɗansa ya jefa shi cikin wannan hali ba.

Yanzu bari in zo kan takardu, don nan ne ake yawan yin ganganci. Bizar ziyara ta Ingila wata shida ce iyakar zamanta, kuma ba a yarda mai ita ya yi aiki ba. Kaka ta taya 'yarta kula da jariri a ɗan gajeren zama ba laifi ba ne, amma in jami'i ya fahimci an kawo ta ne ta zama mai reno na dindindin don iyaye su tafi aiki, ko ya ga tana wata shida ta fita ta dawo ta sake wata shida, yana iya hana ta shiga. Hanyar ɗauko iyaye su zauna gaba ɗaya kuwa tun 2012 aka ƙuntata ta, sai an tabbatar tsohon yana buƙatar kulawar da ba za a iya samar masa a ƙasarsa ba. Kanada ta fi sassauci, tana da biza ta musamman don iyaye da kakanni wadda tun 2022 take ba da damar zaman shekara biyar a shiga ɗaya, amma da sharaɗin ɗan yana da takardar zama ta dindindin ko ɗan ƙasa ne, samunsa ya kai wani mizani, kuma an sayi inshorar lafiya ta aƙalla dalar Kanada 100,000. Amurka kuma a watan Yulin 2025 ta mayar da yawancin bizar ziyarar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya. Dokokin nan kullum sauyawa suke yi, a duba kafin a biya kuɗin komai. Abin da ba ya sauyawa shi ne duk wanda ya wuce wa'adinsa ya ɓata wa kansa, ya ɓata wa na baya. Kada a sa dattijuwa mai mutunci ta zama mai laifi a ƙasar mutane don kawai ana ƙyashin kuɗin reno.

Maganar inshorar lafiya kuwa, don Allah a daina cewa "Allah zai kiyaye" a tsallake ta. Allah zai kiyaye, amma an ce ka ɗaure raƙuminka. Baƙon da aka kwantar a asibitin gwamnati a Ingila ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin maganin, kuma bashin da ya kai fam 500 ba a biya ba yana iya sa a hana shi biza nan gaba. Na Amurka ba a ma magana. Ku tuna kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Kwanciyar sati ɗaya tana iya cinye gidan gado. A kai tsoho ya ga likitansa kafin tafiya, a ɗebo masa maganin hawan jini da na suga da zai ishe shi, cikin kwalayensu, tare da takardar likita. A jirgi ya riƙa tashi yana taka ƙafa, don dogon zama yana daskarar da jini a jijiya. In ba ya jin Turanci kuma za a sauya jirgi a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha, a nema masa taimakon keken guragu tun wajen sayen tikiti, su za su kai shi har ƙofar jirgi. A duba jakar tsaraba ma. Kilishi, dambun nama da man shanu ba a shiga da su Ingila daga Najeriya, Amurka ma ba ta yarda da naman ba, goro kuma Saudiyya ta hana. Gara a rasa kilishi da a tsare uwarka a filin jirgi tana zare ido.

Har ila yau akwai maganar da ba ma son yi, amma dole ce. Rai a hannun Allah yake. In ta Allah ta kasance a can, a can za a binne ko za a dawo da shi? Wa zai biya? 'Yan uwan da ke gida sun amince? A yi wannan zancen tun ana dariya, kada ya zama abin da zai raba zumunci ranar da ake kuka.

To iyayenmu, ku ma da girmamawa ina da ɗan roƙo. An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Wasu abubuwan da muka gada ba za su yiwu a can ba, wasu ma ko a nan ya kamata a sake duba su. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta da wankan tafasasshen ruwa. Zuma ba a ba jaririn da bai shekara ba. Wani kwallin yana da dalma, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Cire beli babu wanzamin da zai yi shi a can, kaciyar mata kuwa ɗauri ne kai tsaye. Duka ma haka. A Sikotilan tun 2020, a Wales tun 2022, doka ta haramta dukan yaro kowane iri, a Ingila ma in malamar makaranta ta ga shati a jikinsa za ta kira hukuma. Tsawar da za ki yi da kyakkyawar niyya tana iya jawo wa 'yarki binciken da zai kai a raba ta da ɗanta. In likita ya faɗi abu, a bi, ko da ya saɓa wa yadda aka raine mu. Su kuma yaran su yi wannan bayani cikin ladabi tun kafin a taso, ba a gaban jikoki a riƙa cewa "Mama ba a haka a nan" kamar ana yi wa ɗalibi gyara ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, wannan har gobe gaskiya ne. Sai dai yaron nan shi ya san dokar garin.

Sai batun wace kaka za ta je. A al'adarmu mace gidan iyayenta take zuwa wanka, musamman haihuwar fari. Saboda haka mai jego uwarta take so kusa da ita, wadda za ta iya cewa "Mama miƙo mini ruwa" ba tare da nauyi ba. Amma sai maigida ya ce shi ya biya tikiti, don haka tasa uwar ce za ta zo. Sakamakon, matar da aka yi wa tiyata sati biyu da suka wuce tana tsaye a kicin tana tuƙa wa surukarta tuwo, a gida mai ɗaki biyu da banɗaki ɗaya. Ita surukar ba ta saki jiki ba, ita mai jegon ba ta huta ba. Malam, ka bari uwar matarka ta zo jego. Taka mahaifiyar ka kawo ta da bazararsu, daga Mayu zuwa Agusta, lokacin da gari yake da haske da ɗumi, ka ɗauki hutu ka zaga da ita, ta ga jikanta ya fara zama. Kowa ya samu haƙƙinsa, gida ya zauna lafiya.

A taƙaice ga abin da nake ganin ya dace. A yanka tikitin zuwa da dawowa, tsohon ya san ranarsa, kuma in ya ce yana son komawa kafin nan a sauya masa ba tare da gunaguni ba. Wata biyu zuwa uku ya isa ga mafi yawansu. In da hali a kawo su su biyu, mata da miji, su ɗebe wa juna kewa. Fasfo ya zauna a hannun mai shi. A sa musu layin waya da intanet don su ji muryar gida da labaran BBC Hausa, a ba su ɗan kuɗin kashewa a hannu, kada sai sun roƙa. A kai su Juma'a, a haɗa su da sauran Hausawan garin, don kusan duk babban birni akwai su. In reno ne, a raba shi, kaka ta samu ranakun hutunta. Kuma a tabbatar akwai tsayayyen mai kula da wanda aka bari a gida.

Na ƙarshe, hanya ba ta zama mai zuwa kaɗai ba. Kaka ɗaya aka kai, amma yaro yana da kawunnai da gwaggonni da 'yan uwa hamsin da ba za su taɓa samun biza ba. Na san tikitin mutum huɗu ba wasa ba ne, amma ko bayan shekara biyu ko uku a daure a kawo yaran gida. Su ga hawan Sallah, su sha fura, sauro ya cije su, su ga kabarin kakansu, su san akwai inda ba wanda zai tambaye su daga ina suka zo. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Iyayen nan sun gama nasu aikin a kanmu. Wasunsu sun sayar da gona da ɗan kunne don mu yi karatun da ya kai mu can. Addininmu ya hana mu ko nuna musu ƙosawa in sun tsufa, balle mu ɗora musu sabon kaya. A kai su su ga jikoki, su dawo da ƙiba da labari, kada su dawo da ciwon baya da abin da za su haɗiye a zuci.

'Yan uwa da ke waje, na san ku kuka san inda takalmin yake matsa muku, ina son jin ta bakinku. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, waɗanda suke raye Ya ƙara musu lafiya, Ya ba mu ikon kyautata musu, Ya shirya mana zuriya duk inda take. Amin.